Kada Ku Raina Teburin Kati



Da ku nake, ku da makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun, ko ta jinya da ungozoma da ke Birnin Kudu, ta turo firatikal a asibitocin Sule Tankarkar da ƙauyukanta. Kun zo da sabuwar farar riga da littafin da za a riƙa sa muku hannu, kowa burinsa a miƙa masa sirinji ko a ce ya sa ƙarin ruwa. Sai ga shi incaj ya zaunar da kai a teburin kati, ke kuma ya ce ki je ki auna yara. Kada ranku ya sosu. Daga nan aikin yake somawa, kuma wanda ya raina shi ba zai iya na gaba ba.

Ku dubi ɗan tef ɗin auna damtsen yaro. A aji kun haddace cewa ƙasa da santimita 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani. A nan kuwa za ku haɗu da yaron da ke tsala ihu, ya ƙanƙame uwarsa. Sai ku lallashe shi, ku nemo tsakiyar damtsen hagu tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ku bar hannun ya sauka, ku zagaya tef ɗin, ba matsi ba sako-sako. In kun sassauta ko da kaɗan ne, ja ya koma rawaya, a sallami yaron da ya kamata a ba abincin tamowa. Daga nan ku danna babban yatsa a bayan ƙafafunsa biyu na daƙiƙa uku. In gurbin ya zauna bai taso ba, kumburi ne, ku kira na gaba da ku ko da tef ya nuna kore. Hannu ne ke koyon wannan, yau da gobe.

Haka ma alƙalami. Uwa ta taso daga ƙauyen bakin iyakar Nijar a amalanke don a yi wa jaririnta rigakafi. Za ta dawo yana da mako 6, da 10, da 14, sannan allurar ƙyanda a wata 9. Rubuta rana a kati bai wadatar ba, don wataƙila ba ta karanta boko. Ku lissafa mata da abin da ta sani, ku ce Alhamis ɗin kasuwar Maigatari huɗu za su wuce, ko ku ambata mata watan Musulunci. Firjin allurar kuma a duba shi safe da yamma, ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8. Abin da idonku ya gani shi za ku rubuta. Lambar ƙarya ɗaya tana iya sa a yi wa yaran gari guda allurar da ta riga ta lalace. Da irin wannan aiki marar suna aka kai ga shelar 2020 cewa an raba Najeriya da ƙwayar shan-inna ta asali.

Ranar awon ciki ku buɗe ido. Mace ta zo da ciwon kai da kumburin fuska, awon jininta ya kai 140 bisa 90, kada ku rubuta ku ce mai bi ta matso. Ku tashi a take ku gaya wa ungozoma. Hawan jinin ciki shi ke kai wa ga jijjiga, kuma tura ta Babban Asibitin Gumel da rana ya fi neman mota da tsakar dare.

Mutanenmu da sun ga farar riga za su ce muku likita, har a unguwa a biyo ku gida a ce ku rubuta magani ko ku yi allura. Ku san iyakarku. Da damina kowane zafin jiki ana cewa na cizon sauro ne, amma a yi gwaji, a jira mintunan da takardar gwajin ta ce, kafin a ba da magani. Abin da ba ku sani ba ku ce bari in tambayo. Mai tambaya ba ya ɓata. Ku tambayi incaj, ku tambayi mai ɗakin magani, har mai shara da ta shekara ashirin a wurin tana da abin da za ta koya muku. Ku kula da kanku kuma: a wanke hannu tsakanin majinyaci da majinyaci, allurar da aka yi amfani da ita kada a mayar mata da murfi, a jefa ta akwatinta.

Sai amana, wadda ita ce uwar aikin. Garinmu kowa ya san kowa. Wanda kuka ga sakamakon gwajinsa da safe, da shi za ku yi sahu a Magariba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kada sirrin majinyaci ya bi ku majalisa, kada hotonsa ya hau WhatsApp. Ku gaida dattijo da Baba, tsohuwa da Inna, kafin ku tambayi abin da ke tafe da su. Bafulatanar da Hausarta ba ta nuna ba, ku nemo mai fassara, ku ba ta lokaci. Matar da kunya ta hana faɗin ciwonta a gaban maza, a ja ta gefe a haɗa ta da 'yar'uwarta mace.

Da yamma, kafin barci, ku rubuta abu ɗaya da kuka gani yau, ku buɗe littafi ku karanta a kansa. Kada ku roƙi sa hannu kan aikin da ba ku yi ba, domin wata rana ku kaɗai za a bari a asibitin ƙauye, ba wanda za ku waiwaya ku kalla.

Allah Ya yi muku albarka, Ya sa waraka a hannuwanku, Ya sa iyayenku da garinku su ci moriyar karatunku. Amin.