TAKARDAR MALLAKAR ƘASA DA LAMUNIN GWAMNATI A MA'AUNIN SHARI'A

Tsira da amincin Allah su tabbata ga Fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi abin da ke cika zaurukan alƙalai da raba zumunci a biranen Arewa, watau rigimar fili da gida da gona, da kuma gyaran da ake ta magana a kansa na rubuta mallakar ƙasa a kundi guda wanda Gwamnati za ta tsaya masa lamuni.

A ɗauki misali. A ce wani magidanci ya sami fuloti a Sama Road cikin birnin Sakkwato, ya gina, ya zauna da iyalinsa har ajali ya riske shi. Ya bar mata biyu da 'ya'ya maza da mata. Ba a raba gado ba saboda kunya da kara, takardar gidan kuwa tana akwatin babban ɗa. Shekaru suka shuɗe, 'yan matan suka yi aure a Gusau da Birnin Kebbi, dattawan da suka san asalin gidan suka ƙare. Ran nan babban ɗa ya shiga matsi, ya kira dillali, ya sayar da gidan ga wani bawan Allah wanda ya biya kuɗinsa na halal, ya ga takarda, ya kuma ga shaidu. Sa'ad da sauran magada suka ji, sai aka dunguma gaban alƙali. To, wa ke da gida? Mai saye ya yi abin da kowa ke yi, ya dogara da takarda, magadan kuwa haƙƙinsu suke nema. Laifin babban ɗa a fili yake, amma abin da ya buɗe masa ƙofa shi ne rashin wurin da mai saye zai je ya duba, ya ga sunayen masu haƙƙi duka.

Matsayin rubutu a Shari'a

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani Mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da sa marubuci adali, da kafa shaidu a ciniki. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa umurnin na mustahabbi ne, amma hikimarsa a fili take: shaida na mutuwa, yana mantuwa, ana iya saye shi, rubutu kuwa yana nan. Idan an kwaɗaitar da rubuta bashin da za a biya bayan 'yan watanni, ina ga gidan da jikoki za su gada? Saboda haka malaman Malikiyya a Andalus da Magrib suka mai da rubuta takardun ciniki da kyauta da waƙafi fanni mai zaman kansa, suka wallafa littattafai a kai.

Auna ƙasa ma tsohon aiki ne a Musulunci. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya aiki Usmanu ɗan Hunaifu ya auna gonakin Sawad na Iraƙi don a san abin da ke kan kowace na haraji. An kuma ruwaito cewa wata mata, Arwa 'yar Uwaisu, ta kai ƙarar sahabi Sa'idu ɗan Zaidu wurin Marwanu ɗan Hakamu a Madina, tana cewa ya ci mata iyaka. Sa'idu ya kare kansa da gargaɗin da ya ji daga Manzon Allah, mai tsira da aminci, game da azabar da ke jiran wanda ya ƙwaci ƙasa ko da gwargwadon taƙi ɗaya ce. Idan har irin wannan ƙara ta iya hawa kan ɗaya daga cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna, ba wanda ya fi ƙarfin ta hau kansa.

A nan ƙasar ma magabata ba su bar wannan babi ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafin Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da matacciyar ƙasa. A mazhabar Maliku, wanda ya raya ƙasar da ba ta da mai ita, da gini ko shuka ko haƙa rijiya, ya mallake ta, amma idan tana kusa da gari sai da izinin shugaba. Ashe tun can hukuma tana da ta cewa a kan filayen gari.

Inda babu rubutu, alƙali yakan koma ga hauzi. Hukuncinsa shi ne, idan bare ya riƙe gida ko gona shekara 10 yana sarrafawa kamar nasa, mai da'awa yana nan, yana gani, ya yi shiru ba da wani uzuri ba, to ba za a ƙara sauraron ƙararsa ba. Tsakanin dangi kuwa wa'adin yakan kai shekara 40. Wannan magani ne na dole don kada husuma ta dawwama, amma a lura da wanda ya fi cutuwa da shi: mace mai kunyar 'yan'uwanta, da wanda bai san haƙƙinsa ba.

Yadda ƙasa ta koma hannun Gwamna

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sun kafa doka a 1910 wadda ta sa ƙasar Arewa duka ƙarƙashin kulawar Gwamna don amfanin 'yan ƙasa, aka sabunta ta a 1916. Gwamnatin Jihar Arewa ta maye gurbinta da dokar ƙasa ta 1962. A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta zartar da Dokar Amfani da Ƙasa ga Nijeriya duka, aka kuma ɗaure ta cikin tsarin mulki na 1979 da na 1999, ta yadda gyara ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki.

Bisa wannan doka, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamna. Abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani: a birni Gwamna ke bayarwa, a karkara kuwa ƙaramar hukuma na iya ba da na gargajiya. Takardar da Gwamna ke sa wa hannu, wadda jama'a ke kira C of O, galibi shekara 99 take ɗauka ga gidan zama. Sashe na 22 ya hana sayarwa ko jingina sai da yardar Gwamna. Sashe na 28 ya ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyya kuwa a kan gini da shuka ake biya. Wanda ya riga ya mallaki gidansa kafin 1978, doka ta ɗauke shi tamkar an ba shi haƙƙin, ko da babu takarda a hannunsa.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Wannan takarda shaida ce mai ƙarfi, amma ba yankan shakka ba ce. Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, ta tabbatar cewa takardar da aka ba wanda tun asali ba shi da haƙƙi a fili ba ta kawar da haƙƙin mai shi na gaskiya. Watau mutum na iya riƙe takarda mai hatimin Gwamnati, kotu ta rushe ta, ya rasa fili, ya koma neman wanda ya sayar masa.

Mene ne lamunin Gwamnati?

Gyaran da ake nema ya samo asali daga tsarin da Robert Torrens ya kawo a Kudancin Ostareliya a 1858. Ginshiƙansa uku ne. Na farko, kowane fili yana da shafinsa a kundin Gwamnati, da taswirarsa, da sunan mai shi, da duk bashi ko jinginar da ke kansa. Na biyu, mai saye ba ya bukatar tonon tarihin cinikin kaka da kakanni, abin da ya gani a shafin ya wadatar. Na uku, idan kuskuren kundin ya jawo wa wani hasara, Gwamnati ce za ta biya shi daga asusun da aka tanada. Wannan na uku shi ne lamunin.

Ƙasashen Musulmi sun daɗe da sanin wannan hanya. A shekarar 1858 ɗin dai Daular Usmaniyya ta fitar da dokar ƙasa wadda ta wajabta rajistar gonaki. Tunisiya ta kafa rajista mai kama da ta Torrens a 1885, Maroko a 1913, dukkansu kuwa ƙasashen Malikiyya ne, kuma sun ci gaba da aiki da ita bayan tafiyar Faransawa. Maleshiya ta gina dokar ƙasarta ta 1965 a kan wannan tsari. Maƙwabciya Nijar ta kafa dokar karkara a 1993, wadda ta samar da kwamitocin ƙasa masu rubuta haƙƙin manoma da makiyaya. Ruwanda kuwa, daga 2009 zuwa 2013, ta bi ƙasarta gona gona ta auna filaye fiye da miliyan 10.

A Nijeriya, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, aka gwada rajistar bi-gida-gida a jihohin Kano da Ondo. Jihohi kuma sun shiga mai da bayanan filaye cikin kwamfuta: AGIS a Abuja, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, SOGIS a Sakkwato. Wannan ci gaba ne, gama yana rage ɓatan fayil da ba mutum biyu fuloti ɗaya. Amma kwamfuta ma'ajiya ce kawai, abin da aka zuba mata shi take bayarwa. Lamuni na gaske sai doka ta ce Gwamnati ta ɗauki alhakin abin da kundinta ya faɗa.

Hukunci da sharuɗɗa

Tsare dukiya yana cikin manyan manufofi biyar na Shari'a, kuma Malikiyya sun yarda shugaba ya tsara abin da maslahar jama'a ke bukata matuƙar bai saɓa wa nassi ba. Bisa wannan, wajabta rajista halal ne, bin ta kuma biyayya ce cikin alheri. Sai dai akwai haɗari babba. Kundin da ba a ja da shi, idan aka shigar da ƙarya a cikinsa ranar farko, ya zama katanga ga azzalumi. Da gidan nan na Sama Road ya shiga irin wannan kundi da sunan babban ɗa shi kaɗai, da 'yan'uwansa mata sun rasa gida har abada, sai dai su bi shi ko asusun diyya.

Saboda haka gyaran ba zai dace da adalcin Shari'a ba sai da sharuɗɗa. A yi rajistar farko a bainar jama'a, gaban mai unguwa da maƙwabta na kusurwa huɗu, a kafa turaku kowa na gani. A liƙa sunaye a ba da isasshen lokacin ƙorafi, a kuma nemi wanda ba ya gari. Kada a mai da gidan mamaci sunan kowa sai da takardar rabon gado daga kotun Shari'a, a rubuta kowane magaji da rabonsa, mace da namiji, babba da yaro. A rubuta masallatai da makarantu da maƙabartu a matsayin waƙafi, a kuma tsare burtali da makiyaya. A sauƙaƙa kuɗin rajista yadda mai gidan ƙasa a awon igiya zai iya biya, gama kundin da attajirai kaɗai ke iya shiga makami ne a kan talaka. Ma'aikacin da ya karɓi rashawa ya sauya suna kuwa a hukunta shi hukuncin mai shaidar zur.

Har ila yau, lalle ne Musulmi ya san cewa takarda ba ta halatta haram. A hadisin Ummu Salama, Manzon Allah, mai tsira da aminci, ya nuna cewa wanda ya ci shari'a da iya baki, alhali ya san abin ba nasa ba ne, wuta ya ɗebar wa kansa. Idan hukuncin alƙali bai wanke shi ba, hatimin ofis ba zai wanke shi ba.

A misalin da ya gabata, hukuncin Malikiyya shi ne cinikin babban ɗa ya zartu a kan rabonsa kaɗai. Rabon sauran ya tsaya ga yardarsu, kuma suna da haƙƙin shufu'a, watau su fanshi rabon da ya sayar da kuɗin da aka saya, tun da ba a raba gidan ba. Mai saye kuma ya koma kan wanda ya sayar masa. Amma kafin a kai nan an ɓata shekaru da kuɗi, zumunci kuwa ya riga ya tsinke.

Kafin gyaran doka ya zo, akwai abin da ke hannun kowane magidanci. A raba gado da wuri, a rubuta, kowa ya riƙe kwafinsa. Wanda ya yi kyautar gida ga mata ko ɗa ya rubuta, ya kafa shaidu, ya kuma miƙa shi hannu da hannu tun yana da lafiya, gama kyautar da ba a karɓa ba kafin mutuwar mai bayarwa ta ɓaci. Mai sayen fili kada ya biya sai ya bincika a ofishin filaye, ya tambayi maƙwabta, idan gidan gado ne ya ga sa hannun magada duka. Bayan ciniki ya nemi yardar Gwamna, ya mai da takarda sunansa, kada ya ajiye ta da sunan tsohon mai shi. Kunyar tambaya ta yini ɗaya ce, shari'ar fili kuwa takan wuce uba ta kai ga jika.

Allah Ya tsare Musulmi daga cin haƙƙin marayu da mata, Ya ba shugabanni ikon riƙe amanar ƙasa. Allah Shi ne Mafi sani.