Kukan Injin Zarto Ba Shi Ne Ƙarfinsa Ba

Wani mai yankan katako daga jihar Taraba ya aiko da tambaya. Ya ce injinsa ya yi sanyi, abokin aikinsa ya murɗa masa kafireta har injin ya riƙa ƙugi kamar zai tashi sama, aka sha aiki kwana uku, rana ta huɗu ya ɗauke wuta a tsakiyar gungume, igiyar ma ta ƙi jawuwa. Yana son ya san abin da zai yi wa sabon da ya saya don ya ƙara ƙarfi ba tare da ya sake tafka asara ba.

Malam, wancan ƙugin da ya burge ka shi ne ya kashe injin. Injin zarto ba shi da tukunyar baƙin mai irin ta mota. Man da ke shafa fistin da ringi yana cikin fetur ɗin da kake haɗawa, kuma fetur ɗin yana taimakawa wajen sanyaya injin. Idan aka matse hanyar mai, iska ta rinjayi fetur, sai gudu ya ƙaru, zafi ya ƙaru, shafawa ta ragu. Fistin na alminiyom ne, yana zafi sai ya kumbura ya kankari bangon silinda. Ka kwance salansar tsohon injin ka leƙa ta ƙofar hayaƙi, za ka ga zane a tsaye jikin fistin kamar an ja shi a kan tsakuwa.

Kafin ka ɗauki sukudireba, dubi sarƙa. Mafi yawan injinan da ake kawo mini da kukan rashin ƙarfi lafiyarsu ƙalau, haƙora ne suka dakushe. Sarƙa mai kaifi ɓarzaje take zubarwa, dakusasshiya kuwa gari take fitarwa kamar dusa. Ka wasa da magagarin da ya dace da girman sarƙar, a karkace digiri 30, kowane haƙori bugu ɗaya da ɗan'uwansa. Akwai kuma ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori, wanda ke ƙayyade zurfin cizo. Ya zauna ƙasa da bakin haƙori da kimanin milimita 0.65. Masu gaggawa kan goge shi sosai don sarƙa ta ci da yawa, sai injin ya riƙa shaƙewa a cikin itace, ga haɗarin ya yi tsalle ya dawo wa mutum a fuska.

Sai matatar iska. A lokacin hunturu, ƙura da garin katako kan toshe ta cikin yini guda. Wanda ya saita kafireta da toshasshiyar matata, ranar da ya wanke ta iska za ta kwararo fiye da lissafinsa, ya shiga matsalar da ta ci injinka. A wanke tukuna. Fulogi kuma tazarar bakinsa rabin milimita ce.

Haɗin mai: kamfanonin Stihl da Husqvarna duk suna cewa 50 bisa 1 idan da mansu na ainihi ne, wato mililita 100 a lita 5 ta fetur. In ba ka amince da man da ka samu a kasuwa ba, ka kai mililita 30 a kowace lita. Baƙin man mota ba na wannan aikin ba ne, balle wanda aka juye daga wani injin.

Yanzu kafireta. Sukurori uku ne. L na mai ne a ƙaramin gudu, H na mai ne a cikakkiyar wuta, na ukun shi ne silo, Stihl na rubuta masa LA, Husqvarna kuma T. A L da H, ɗaurewa na rage mai, kwancewa na ƙara shi. A tsofaffin injina ana ɗaure L da H a hankali har su zauna, ba da ƙarfi ba don bakinsu allura ne, sannan a kwance kowanne kamar zagaye ɗaya. Ka tayar, da sarƙa a ɗaure, ka bar shi ya ɗumama. Saita silo yadda injin ba zai mutu ba kuma sarƙa ba za ta motsa ba. Ka ba shi wuta farat ɗaya: in ya yi jinkiri kamar zai shaƙe, kwance L kaɗan. Kaɗan ɗin nan kashi ɗaya cikin takwas na zagaye nake nufi.

A kan H ake yin ɓarna, don haka a nan kunne zai yi aiki. Ka ba shi wuta duka na daƙiƙa biyu ko uku ba tare da yanka ba. Abin da kake nema murya ce mai ɗan gargada, burr-burr, kamar yana ɗan tuntuɓe. Da sarƙa ta nutse cikin itace sai gargadar ta ɓace, murya ta miƙe sumul. In kuwa tun a iska yana tsala ihu siriri, mai ya yi kaɗan, kwance H nan take. Mai na'urar auna gudu ya fi kowa hutawa: Husqvarna 372XP, alal misali, iyakarsa zagaye 13,500 a minti. Shi kuwa Stihl 070, dokin masu tsaga katako mai cc kusan 106, tun asali ba don gudu aka ƙera shi ba, har da abin taƙaita gudu a jikinsa. Ƙarfinsa a ja yake. Bayan yini guda kana aiki da saitin, ka ciro fulogi. Ruwan ƙasa ne alamar daidai, fari fat alamar yunwar mai, baƙi mai danshi kuma mai ya yi yawa.

Tunda a Taraba kake, ga wani abu. Iskar tsaunin Mambila ba ta kai ta kwarin Binuwai kauri ba. Injin da aka saita a Gembu, can saman tsaunin, in aka sauko da shi Jalingo ba a ƙara masa mai ba, yunwa zai yi. In kuma ka ga saitin ya ƙi zama, silo na hawa da sauka da kansa, to iska na satar hanya ta sil ko ta tsagaggen tiyo, murɗa sukuru ba zai yi magani ba. Sababbin injina masu M-Tronic ko AutoTune da kansu suke saita mai, babu H ɗin da za ka murɗa.

Batun gyaran ƙarin ƙarfi, mafi sauƙi shi ne faɗaɗa mafitar salansa. Hayaƙi na fita da wuri, injin na numfashi, zafi na raguwa. A cire salansar kafin a huda, a wanke ɓurɓushin ƙarfe tas, a bar ragar da ke tare tartsatsi saboda gobarar daji a rani, sannan dole a ƙara H. Ƙara za ta ƙaru, ka nemi abin toshe kunne. Wasu kan cire gasket ɗin gindin silinda don matsi ya ƙaru, amma sai an auna da wayar dalma an tabbata tazarar kan fistin ba ta gaza rabin milimita ba. Goge ƙofofin silinda kuwa, wanda masu gasar yanka a Amurka suka shahara da shi, ba na ba mai neman abinci shawarar yinsa. Ƙofa ta yi faɗi ringi ya maƙale, an ɗaga ƙofar hayaƙi gudu ya ƙaru ja ya ragu, kai kuma da ke tsaga maɗaci ja kake bukata. In sabon naka na da garanti, ko hudar salansar ma ka dakata sai wa'adin ya ƙare.