Amsoshin Tambayoyinku: Shin Tarkon Ƙamshi Yana Maganin Sharon a Tumatir?

TAMBAYA: A Tudun Wada ta Kaduna nake zaune, ina noman rani a bakin kogi. Bara sharon ta cinye mini tumatir, na yi feshi har na gaji. Bana wani mai shagon kayan gona ya nuna mini wata 'yar roba, ya ce in rataya ta a kan bahon ruwa, wai ita ke kiran ƙwaron. Gaskiya ne, ko neman kuɗi kawai yake yi?

AMSA: Allah ya mayar da alheri. Mai shagon bai yi maka ƙarya ba, sai dai aikin robar daban yake da na maganin feshi, kuma a nan ne manoma da yawa ke ruɗewa.

Sharon, wato tsutsar da ta yi maka ɓarna, 'yar wani ƙaramin ƙwaro ce mai fukafukai, launin toka, wanda masana ke kira Tuta absoluta. Asalinsa Kudancin Amurka, ya shiga Sifen a 2006, kuma ba ka manta da 2016 ba, shekarar da gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu. Mace ɗaya takan saka ƙwai har 260. Da tsutsar ta ƙyanƙyashe sai ta huda ganye ta shige tsakiyarsa. Tsinko ganyen da ya yi farin tabo ka ɗaga shi a rana, za ka hango ta a ciki da baƙin kashinta. Shi ya sa feshinka ya riƙa wucewa ta kanta.

To ga inda robar ta shigo. Macen ƙwaron idan ta shirya barbara takan saki wani ƙamshi da hancinmu ba ya ji, namiji ya biyo shi daga nesa. Sunan ƙamshin feromon. Wani Bajamushe, Adolf Butenandt, shi ya fara tace irinsa a 1959 daga matan ƙwaron siliki kusan dubu 500. Yanzu a masana'anta ake haɗa shi a jiƙa 'yar roba da shi. Namiji ya zo neman mace, ya faɗa ruwa ya mutu.

Ga yadda ake kafa tarkon: ka zuba ruwa a baho mai faɗi, ka sa ɗan sabulu ko mai don kada ƙwaron ya iya tashi, ka ɗora bahon a kan bulo, robar tana lilo dab da ruwan ba tare da ta jiƙe ba. Kada ka taɓa ta da hannu tsirara, kuma wadda ba a buɗe ba a ajiye ta wuri mai sanyi. Ƙarfinta mako 4 zuwa 6 ne, a zafin bazara kuwa kada ka wuce 4. Duba sunan ƙwaron a jikin leda, domin kowane da ƙamshinsa: robar tsutsar masara ba za ta kama sharon ba.

Tarko 2 zuwa 4 a hekta sun isa su sanar da kai cewa ƙwaron ya iso. Idan rage yawansa kake so, sai 20 zuwa 40. A ganina babban amfaninsa shi ne na farkon. Ka kafa tun mako biyu kafin dashe, kullum da safe ka ƙirga abin da ya faɗa. Ranar da lissafin ya fara hawa, ranar ce ta tsinke ganyen da ya kamu a binne shi, da yin feshi kafin tsutsa ta shige.

Amma ka sani, maza kawai yake kamawa. Tsutsar da ta riga ta shiga ganye ko 'ya'ya ba ruwanta da shi, haka ma macen da aka yi wa barbara a lambun maƙwabcinka ta taso zuwa naka. Don haka ka zauna da waɗanda kuke iyaka da su, ku kafa tare, ku kuma ƙone karan tumatir bayan girbi. Maganin feshi kuwa, ka tuntuɓi malamin gona ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya kan yadda za ka riƙa sauyawa, domin ƙwaron nan yana saurin sabawa da magani ɗaya. Allah ya ba da amfani mai albarka.