Buguwar Kai da Raunin Harshe

Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Ƙofar Doka ta ratsa Tudun Wada ya san yawan baburanta, galibi ba hular kwano. In an yi haɗari, jini ake fara nema. Idan ƙoƙon kai bai fashe ba, sai a ce Allah ya kiyaye, a watse. Wannan buguwa ta ɓoye ita za mu duba ta fuskar nazarin harshe.

Ƙwaƙwalwa cikin ruwa take zaune. In kai ya bugu, takan daki ƙashi ta gaba, ta koma ta daki na baya, zaren jijiyoyin da ke haɗa sassanta ya miƙe ko ya tsinke. Sashen goshi da na wajen kunne suka fi jin jiki, kuma a nan aikin harshe ya fi yawa. A 1861 Paul Broca na Faransa ya bayyana majinyacin da furuci ya gagara, a 1874 kuma Carl Wernicke na Jamus ya bayyana masu magana tiryan-tiryan ba ma'ana. Sai dai waɗannan rauni ne na wuri guda. Na buguwa a warwatse yake, don haka nahawu yakan tsira.

Abin da ya fi salwanta shi ne suna. Alal misali, a nuna wa mutum ludayi, ya ce "abin nan na shan fura". Sannan ladabin zance. A ce masa ruwa ba ya tsami banza, ya shiga batun ruwa. Habaici ya wuce shi, ya katse wa babba magana, ko uwa ta kama sunan ɗan farinta gatsal a gaban surukai. Dangi kuwa sai su ce iska ce ko rashin kunya, har aure ya girgiza, alhali ciwo ne.

Likitoci kan auna mai buguwa da ma'aunin Glasgow na 1974, mai maki 3 zuwa 15, wanda 5 daga ciki na magana ne. Farkawa yake aunawa. Mutum na iya cinye 15 ɗin ya koma gida bai gane gatse ba. Gwaje-gwajen harshe da suka shahara kuwa da Turanci aka tsara su, ba su san ludayi ba balle alkunya. A ganina tsara na Hausa aikin wannan sashe ne, tare da likitocin asibitin koyarwa da ke Shika.