Yadda ake ziyartar lambun gwaji don amfanin tsakar gida

Yawancin masu zuwa kallon lambun gwaji tumatir suke kallo, shi ya sa suke komawa gida da sha'awa kawai. Abin ɗauka yana ƙasa: yadda aka haɗa ƙasar, tazarar shuka, lokacin ban ruwa. Mazaunin Ƙofar Galadima a Zariya bai da uzurin rashin wurin koyo. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana aiki tun 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma kusa da ita akwai NAERLS mai kai sakamakon bincike ga manoma. Ga kuma lambunan fadamar Galma da Kubanni, inda masu noman rani suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Matsalar ita ce yadda za a rage abin da aka gani a fili ya dace da tsakar gidan cikin birni.

Don haka ziyarar a gida take farawa. Ka ɗauki yini guda kana lura da inda rana take sauka a tsakar gida da awa nawa take yi kafin katanga ko inuwar ɗaki ta tare ta. Tumatir da tattasai da kuɓewa suna son kamar awa 6. Alayyafo da latas da na'a-na'a sun fi haƙuri da inuwa. Sannan ka ƙidaya bokitin ruwan da gidan zai iya warewa kullum a watan Maris, lokacin da rijiya ta ja baya. Wanda ya fita da waɗannan lissafi biyu ya san abin da zai tsaya a kai da abin da zai wuce. Daga nan a nemi izini ta hannun malamin gona ko mai lambun, a je da sassafe lokacin da ake ban ruwa.

Zuwa ɗaya ba ya isa, kuma a nan ne mutane suka fi kuskure. Ranar baje koli ana nuna amfani ya nuna, aikin kuwa ya riga ya wuce. A je sau uku. Na farko wajen Oktoba ko Nuwamba, lokacin renon iri: a ga zurfin da ake binne ƙwaya, da ciyawar da ake rufe komi da ita, da ranar da ake yaye ta. Na biyu bayan mako 3 zuwa 4, ranar dashe, wanda da yamma ake yinsa don kada rana ta kwantar da shuka; a auna tazara da taƙi, a damƙi ƙasar a ji ko tana dunƙulewa ko tana wargajewa, a tambayi watannin da takin ya yi yana ruɓa, domin ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. Na uku lokacin fure, a juya bayan ganye a nemi ƙwari. Manoman Kaduna ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar da suke kira sharon ta cinye tumatir har gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci. Gara a koyi gane farin zanen da take bari a ganye a lambun wani. Kuma a roƙi a ga fangalin da ya lalace, don shi ya fi koyarwa.

Za a ce lambun gwaji yana da injin ban ruwa da ma'aikata da fili, gidan cikin ganuwa kuwa ɗan lungu ne da awaki. Gaskiya ne, shi ya sa ba lambun ake kwafowa ba, dabara ɗaya ake ɗaukowa. A sami buhu biyu, a huda gindinsu, a cika su da ƙasa da rairayi da ruɓaɓɓen taki, a shuka alayyafo a rana ɗaya, ɗaya yadda aka saba, ɗaya yadda aka gani. Cikin wata guda amsa za ta fito. Wannan shi ne tsarin da ƙungiyar Sasakawa ta bi tun shigowarta Najeriya a 1992: manomi ya ga sabon salo kusa da nasa, ya yanke hukunci da idonsa. Awaki kuwa, shingen kara ya ishe su.

Akwai kuma masu cewa a gidaje da yawa mata ne za su kula da shukar alhali maza ne ke fita. To a tafi tare, ko ƙungiyar mata ta unguwa ta nemi ranarta. Idan bai yiwu ba, a ɗauko hoton kowane mataki a waya, a taho da dunƙulen ƙasar a leda. Masu ganin shuka fure a tsakar gida aikin banza ne kuwa, su duba cewa kabewa ba ta 'ya'ya sosai sai ƙudan zuma ya ziyarce ta, kuma fure ne ke jawo shi. Lalle da ɗoɗɗoya da zogale a gindin katanga sun daɗe a gidajen Zazzau. A tambayi mai lambun yadda yake datse su su yi rassa maimakon tsawo.