Ƙone Daji da Haske: Inda Bincike Ya Tsaya

Mu da ke kula da masu ciwon daji muna shan tambaya daga 'yan'uwa mazauna Fatakwal, Anaca da Inugu kan labarin wai an gano hanyar ƙone daji da haske. Labarin yana da tushe. Masana na haɗa wasu ƙwayoyi daga tsatsar ƙarfe da danginta, ƙanana ƙwarai, ɗaruruwansu a jere ba su kai kaurin silin gashi ba. Ana sa su cikin ƙarin, a haska musu leza mai hasken da ido ba ya gani, su tsotse shi su mai da shi zafi. Da wurin ya haura digiri 42, ƙwayoyin dajin sai su fara mutuwa, lafiyayyen naman da ke kewaye kuwa ya tsira.

Sai dai galibin nasarar nan a jikin ɓeraye aka gan ta. Gwajin da aka wallafa a 2019, kan maza 16 masu dajin prostate a Amurka, da ƙwayoyin zinare aka yi shi. Na tsatsar ƙarfe da Turai ta amince da su a 2010 don dajin ƙwaƙwalwa, maganaɗisu ke ɗumama su. Hasken kansa ba ya nisa cikin jiki, saboda haka dajin da ya riga ya bazu zuwa hanta ko ƙashi ya fi ƙarfinsa. Wani zai ce, in dai zafi ne, ai mun gaji sakiya, ga kuma gadajen ɗumi da ake tallatawa. Zafin da ake magana a kai awo gare shi, daga cikin ƙarin yake tashi, likita na bin ma'auninsa. Ƙarfen wanzami fata yake ƙonewa, ya bar gyambo mai ruwa da wari, dajin na ci ta ƙarƙashi. Wannan gyambon ne ke jinkirta tiyata, kuma abin na ci mana tuwo a ƙwarya.

A 2022 an ƙiyasta cewa daji ya kashe fiye da mutum 79,000 a Najeriya, kuma zuwa asibiti a makare na daga manyan dalilai. Duk wanda ya ji ƙullutu a nono, wuya ko hammata, kada ya jira sai ya je gida da Sallah. Asibitocin koyarwa na Ituku-Ozalla, Nnewi da Fatakwal suna kusa. A je a ɗebi nama a gwada, don Allah, tun ƙarin bai fashe ba.