Gaurayayyar Barasa: Ruwa Yana Rage Ƙarfi, Ba Ya Kashe Guba

A kasuwannin kan iyaka tatacciyar barasa tana yawo cikin jarka da kwalabe marasa tambari. A Najeriya ana kiranta ogogoro, a Ghana akpeteshie, a Kamaru odontol, a Sudan aragi. Ko gidan da ba a shan giya yana da bukatar wannan darasi, domin direba ko ɗan dako ko yaron shago na iya faɗawa hannunta.

Mene ne ƙarfin barasa?

Ana auna ƙarfi da yawan sinadarin etanol cikin kashi 100. Giyar kwalba tana da kimanin kashi 5, tatacciyar barasa kuwa takan kai kashi 40 ko fiye. Masu sayarwa kan tsarma mai ƙarfi da ruwa. Lita ɗaya mai kashi 60, idan aka ƙara mata rabin lita na ruwa, sai ta koma lita ɗaya da rabi mai kashi 40. A masana'anta da ma'auni ake wannan lissafi. A bayan rumfa kuwa da ido da harshe ake yi, don haka mai saye bai san abin da ya haɗiya ba.

Ina gubar take?

Saboda neman riba, wasu sukan yawaita ruwa, sa'an nan su maido da zafin da sifirit na masana'antu mai ɗauke da metanol. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan bai sani ba: metanol da etanol kamanninsu ɗaya, ƙanshi da ɗanɗano ma ba sa raba su. Hanta ce ke juya metanol zuwa asid mai lalata jijiyar gani. Cokalin shayi biyu na tsantsarsa na iya makantarwa, babban cokali biyu na iya kisa. Ƙarin ruwa ko lemo ba ya fitar da shi. Gubar da ke cikin jarka tana nan yadda take.

A shekarar 2015 mutane da dama sun rasu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan ogogoro mai metanol. A 2016 odontol ya hallaka fiye da mutum 20 a gabashin Kamaru.

Alamomi

Sukan jinkirta awa 12 zuwa 24, har a zaci maye ya wuce. Daga nan sai ciwon kai, amai, ciwon ciki, numfashi da sauri, da gani dishi-dishi kamar cikin hazo.

Abin yi

A kai majiyyaci asibiti nan take, tare da ragowar abin da ya sha da duk waɗanda suka sha tare da shi. A faɗa wa likita gaskiya. Kunyar iyali kada ta jawo makanta. Kada a tilasta masa amai, kada a tsaya ba shi madara ko manja. Akwai magani, har da wankin ƙoda, amma saurin zuwa shi ne ke ceton ido da rai.

'Yan kasuwa, kada ku zuba abin sha ko maganin gargajiya a jarkar da ta taɓa ɗaukar sifirit ko sinadarin fenti. Ku ajiye sifirit da alama bayyananna, nesa da yara. Rigakafi ya fi magani.